Ranar da Fanka Ta Juya Baya

Duk wanda ya taɓa kai fanka gyara a layin masu kayan wuta ya san Gaba-Dai. Shagonsa ne ke manne da na tela, inda fankoki ke rataye a bakin ƙofa: ta ƙasa, ta bango, da ta silin da aka cire wa farfela. Ciki kuwa ba ka jin komai sai ƙaurin ƙonannen koyil da warin giris. Shi kansa mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, tabarau ɗinsa ɗaure da wayar jan ƙarfe, sukundireba maƙale a bayan kunne inda wasu ke saka biro.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ya gama gyara, ba ya miƙa wa mutum fankarsa sai ya kunna ta, ya yagi 'yar takarda ya riƙe a gabanta. Da takardar ta kaɗa ta nufi mai kaya, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka gani? Gaba dai. Fanka hanya ɗaya gare ta. Wadda ta juya baya, abin kunya ce ga wanda ya haɗa ta." Ya faɗa ya sake faɗa, har aka manta sunan da aka yanka masa rago da shi.

Da a fanka kawai abin ya tsaya, da da sauƙi. In ya fito daga gida ya manta hula, ba ya komawa. Gara ya wuni rana na dukan sanƙonsa. In ya wuce kwanar da zai shiga, sai ya zagaye unguwa guda ya ɓullo ta gaba. Matarsa takan ce ita dai an aura mata mota marar ribas, kuma ta gode wa Allah da hanyar gidansu ba ta da rami. Shi kuwa yabo yake ɗaukar maganar.

Wannan halin ne ya raba shi da ƙaninsa, Auta.

Shi ya raini Auta bayan rasuwar iyayensu, shi ya koya masa naɗin koyil da canjin boris. Tare suke zama a shagon, kowa da kujerarsa, suna cacar baki daga safe har yamma kamar yadda 'yan uwa masu son juna ke yi. Sai wata rana aka ba su aikin ɗaura fankokin silin a wani ɗakin taro. Gaba-Dai na fama da zazzaɓi, ya tura Auta shi kaɗai. Auta ya haɗa wayoyin kondansa a juye, kuma da yake hannunsa na da tsari, bai bar ko ɗaya ba: duk fankokin ɗakin suka riƙa juyawa baya. Ranar taro suka yi ta zuƙe iska suna kai wa rufi, manyan baƙi kuwa na ƙasa suna jiƙewa sharkaf cikin manyan riguna.

Washegari mai ɗakin taron ya zo har shago ya zazzage musu kwandon masifa a gaban duk mutanen layi. Bayan ya tafi, tela ya leƙo ya ce, "Ashe Gaba-Dai ma na da baya." Aka kwashe da dariya. Wannan dariyar ce ta ƙona shi, ba masifar ba. Ya juya ga ƙaninsa ya nuna masa ƙofa.

"Fita. Ranar da ka ga fanka ta fito daga hannuna tana juya baya, ranar ka dawo shagon nan."

Auta ya ɗauki filayarsa ya fita. Tun kafin la'asar zuciyar Gaba-Dai ta huce, amma magana ta riga ta fita, a gaban shaidu kuma. Auta ma ba baya ba ne wajen taurin kai, nono ɗaya suka sha. Ya kafa ɗan teburinsa a can ƙarshen layi, ƙarƙashin benen wani tsohon gini, yana gyaran rediyo da dutsen guga. Duk wanda ya je ba shi baki, amsa ɗaya yake samu: "Yaya ya sa rana. Ranar ba ta zo ba."

Ba gaba suke yi ba, kada a ɗauki alhakinsu. Suna gaisawa a hanya, matansu na shiga gidan juna, 'ya'yansu sun tashi tare. Shagon ne kawai Auta bai sake takawa ba, kuma a shagon ne duk hirarsu take. Shekaru suka yi ta tafiya, furfura ta fito wa Auta. Kujerarsa na nan inda ya bar ta. Gaba-Dai ya ɗora mata wani gwangwanin notuna, in baƙo ya nemi zama sai ya ce, "A'a, wurin gwangwani ne." Kullum da safe yakan ɗaga gwangwanin ya goge kujerar ya mayar. Gaskiyar magana, kewar ƙaninsa na cinsa, ya dai rasa ƙofar da zai bi ne.

Matarsa ta yi iya yinta. Ta ce masa ko rantsuwa ce ai tana da kaffara. Ya ce da rantsuwa ce da tuni ya yi, amma wannan magana ce, magana kuwa zarar bunu ce. Ta ce to ya haɗa wata tsohuwar fanka a juye ya aika masa mana. Ya dube ta kamar ta ce ya fita kasuwa ba wando. Ya ce, "In ɓata aiki da gangan? Da hannuna?"

Ana nan sai labari ya zo cewa za a rushe tsohon ginin da Auta ke fakewa a ƙarƙashinsa. Ya nemi wani wuri a layin bai samu ba. Surukinsa da ke wani gari mai nisan gaske ya ce ya kwaso iyali ya taho, akwai wuri. Aka sa ƙarshen wata. Matar Gaba-Dai ce ta kawo masa labarin yana cin abinci, ta ƙara da cewa, "Ga shago da faɗi, ga kujera na riƙe da gwangwani. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ya ture kwanon, abin da bai taɓa yi ba ko da zazzaɓi.

A cikin wannan makon ne babbar 'yarsa ta zo shago. Malama ce, tana koyar da ilimin halittu a sakandare, shi kuwa Uwata yake ce mata. Ta shigo da jakarta, ta nufi kujerar gwangwani, ta tuna, ta zauna a kan wani akwati.

"Baba, aiki na kawo maka. Ɗalibaina sun ishe ni. Su haddace abu yau, gobe ya bi iska. So nake ka ƙera mini abin da za su gani da idonsu."

"Abin me?"

"Bakteriya. Ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Wasunsu suna da wutsiya, da ita suke iyo."

"Kamar kifi ke nan." Bai ko ɗago daga koyil ɗin da yake naɗi ba.

"Haka kowa ke zato. Waɗanda suka raɗa mata suna a littafi ma sunan bulala suka ba ta. Amma ba kaɗawa take yi ba, Baba. Juyawa take. A gindinta, cikin fatar ƙwayar, akwai inji."

Nan ya ajiye koyil. "Inji kamar yaya?"

"Kamar naka. Akwai ɓangaren da ke tsaye, akwai mai juyawa a cikinsa, akwai sanda, akwai 'yar gwiwa mai lanƙwasa, sannan wutsiyar, a murɗe kamar sifirin. In ta juya sai ta tura ruwa baya, ƙwayar ta yi gaba."

"Wa ke ba ta wuta?"

"Ita ke haɗa abarta. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu caji ne ke kwararowa daga waje su bi ta cikin injin, su juya shi."

"Su ba a ɗauke musu wuta ke nan," in ji Gaba-Dai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe tun kafin a haife ni ana wannan sana'ar." Tun da aka kawo labarin Auta, sai ranar aka ga haƙoransa.

Ta zana masa iri huɗu a bayan wani kwali. Akwai mai wutsiya guda a ƙarshe ɗaya. Akwai mai tarin wutsiyoyi cunkus a wuri guda, wadda nan take ya raɗa wa Gemun Tela. Akwai mai wutsiya gaba da baya, ya ce wannan Munafuka ce, ba a san inda ta dosa ba. Ta huɗun kuwa wutsiyoyi ne ko'ina a jikinta, ya rasa sunan da zai ba ta. Da aka kai kwalin gida, matarsa ta duba sau ɗaya ta ce, "Wannan ai Tsefaffiya ce, ba ta je kitso ba." Sunan ya zauna.

Ya duƙufa. Ya tattaro ƙananan injina daga motocin wasan yara da tsofaffin rediyo. Gorunan ruwa na roba suka zama jiki. Wutsiya kuwa siririyar waya ce ya naɗa a jikin fensir ta murɗe, ya haɗa ta da inji da guntun robar bawul ɗin keke, ita ce gwiwar. Ya toshe ko'ina da gam, ya ja doguwar waya zuwa batir a waje. Masu fanka suka yi ta sintiri, yana ce musu su dawo jibi.

Wajen gwaji aka sha dariya. Ya zuba ruwa a bokiti, Malama ta ce ba haka ba. Ga halitta mai ƙanƙanta irin wannan, in ji ta, ruwa kauri gare shi kamar zuma. Da ta daina juya wutsiya, nan take take tsayawa cak. Dole a sami abu mai kauri. Gaba-Dai ya waiga, idonsa ya faɗa kan babban bahon wankin matarsa da sitatin da ta dama don rigunansa.

"Kada ka soma," in ji ta.

Ya riga ya soma. Aka ƙara sitati, aka cika baho a tsakar gida. Ya saka mai wutsiya guda, ya haɗa batir. Wutsiyar ta murza, gorar ta tafi sumul. Ya saka Gemun Tela, ita ma ta tafi, har da ɗan rangaji. Sannan ya saka Tsefaffiya. Wayoyin nan da ke warwatse ko'ina suka soma juyawa, suka karkata baya, suka nannaɗe juna suka zama igiya guda, gorar ta miƙe ta tafi.

"Ta yi kitso!" Matarsa ta tafa hannu, ta manta da sitatinta.

Gorunan suka isa bangon baho ɗaya bayan ɗaya. Suka kafa kai a jikinsa, injina na ta gurnani, ba mai motsawa. Gaba-Dai ya riƙe ƙugu yana murmushi. "Gaba dai," in ji shi.

"Saura abu ɗaya, Baba," in ji Malama. "Sai ka sa musu makunnin da zai juya injin baya."

Murmushin ya ɗauke kamar an cire fulogi.

"Me kika ce?"

"Ai da shi suke canza hanya. In injin Tsefaffiya ya juya baya, ko da ɗaya ne ko biyu daga ciki, sai kitson ya warware, ta wuntsila, ta fuskanci wani wuri. Mai wutsiya guda kuma ja da baya take yi. In babu wannan, rabin darasin ke nan."

Ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa, wadda nan da nan ta sami abin gyarawa a bakin zanenta. "Uwata, gaya mini gaskiya. Uwarki ce ta aiko ki?"

"Wallahi Baba, a littafi yake."

"Littafi mutum ne ya rubuta shi. Wanda ya rubuta wannan, wayoyinsa ya haɗa a juye."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Malama ta ce to ya zo makaranta gobe bayan an tashi, ya gani da idonsa, in ƙarya ne ta haƙura. Ya je, da wankakkiyar riga marar sitati. Ɗakin gwajin dogo ne, da tebura masu famfo da kujeru marasa jingina, da warin maganin goge ƙasa. Ta ɗiga wani ruwa-ruwa a kan ɗan gilashi, ta saka a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta daidaita masa. Ya rufe ido ɗaya kamar mai leƙen ramin makulli.

Da farko hazo kawai ya gani. Can sai ga su, 'yan sanduna ƙanana birjik, kowace na harkar gabanta.

"Ina wutsiyar? Ni ban ga wutsiya ba."

"Ta yi siriri da yawa, wannan madubin ba ya kama ta sai an shafa mata wani rini ta yi kauri. Zan nuna maka wanda aka rina. Yanzu dai ka zaɓi guda ɗaya ka bi ta da ido."

Ya zaɓi wata mai kuzari, irin wadda zai ɗauka aiki. Ta miƙe sak, ya ce, "Yawwa, 'yar albarka." Kafin ya rufe baki ta tsaya ta wuntsila a wuri ɗaya, ta ɗauki wata hanya dabam. Ya ce wannan mai taɓin hankali ce, ya zaɓi wata. Ita ma haka. Ya bi ta uku, ya bi ta huɗu, har wuyansa ya ƙage, bai sami ko ɗaya mai irin halinsa ba.

"To me ya kai su?" Muryarsa ta sauka. "Suna tafiyarsu lafiya lau."

"Ba su da ido, Baba, ba su da sitiyari. Ɗanɗanon ruwa kawai suke ji. In tana tafiya ta ji yana ƙara daɗi, sai ta jinkirta wuntsilawar ta ci gaba. In ta ji yana lalacewa, sai ta juya inji ta gwada wani wuri, duk inda ta faɗa. A haka a haka har ta isa ga abinci."

"In wata ba ta juyawa fa?"

"Akan samu, waɗanda abin ya lalace musu. Gudu kam suna yi. Sai dai abinci na gefensu, su wuce shi."

Ya daɗe a kan madubin, ita kuwa ta yi kamar tana wanke kwalabe. A hanyar gida ya bi ta ƙarshen layi, abin da ba hanyarsa ba. Daga nesa ya hango Auta a durƙushe yana ɗaure kwali da igiya, teburin ya riga ya zama rabi. Gaba-Dai ya wuce, don bai iya tsayawa ba.

Bayan magariba suna zaune a tsakar gida, baho na gefe da gorunansa, Malama ta ga yadda uban ya yi zugum, tausayinsa ya kama ta. Ta so ta sauƙaƙa masa.

"Baba, in sunanka kake ji, ai wannan ba fanka ba ce. Abin koyarwa ne kawai. Ka sa mata makunnin, maganarka na nan daram, ba wanda zai ce Gaba-Dai ya juya fanka."

Ga hanya an share masa. Ya kamata ya ji sanyi, amma sai ya ji kamar an fizge masa abu daga hannu. Sai a lokacin ya gane cewa tun daga ɗakin gwaji yake riƙe da wani ɗan fata, bai ko gaya wa kansa ba. Ga aiki da ba ɓatawa ba ne, ga inji da gyaransa shi ne ya juya baya, ga shi zai fito daga hannunsa. Yanzu kuma a ce ba fanka ba ce?

"Wa ya gaya miki ba fanka ba ce?"

"Baba, gorar ruwa ce da waya."

"Ke kika san fanka ko ni?"

Malama ta buɗe baki, uwarta ta taka mata ƙafa. Uwar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Da ta samu ta haɗiye dariyar sai ta ce, kamar da bango take magana, "Ja da baya ga rago dai ba tsoro ba ne."

Da sassafe ya haɗa makunnin. Aikin bai fi a musanya wayoyi biyu ba, amma sai da ya yi bisimilla ya share gumi, don hannunsa bai taɓa yin irinsa da saninsa ba. Sannan ya ari baro wurin mai kayan gini, ya ɗora baho da sitatinsa, ya saka Tsefaffiya a ciki, ya kama hanyar ƙarshen layi. Sitati na fallatsa, yana tafe yana yi wa mutane tsawa su kauce. Tela ya bar keken ɗinkinsa ya biyo shi, mai gyaran takalmi ya biyo tela, kafin a kai rabin layi an zama ayari.

Auta na jera kwalaye ya ga yayansa ya tsayar da baro a gabansa.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Matso ka ga wani abu."

Ya haɗa batir. Wutsiyoyin suka tattaru suka kitsu, Tsefaffiya ta miƙe ta je ta kafa kai a bangon baho. Gaba-Dai ya dubi tela ido cikin ido, don ya tabbata shaidun da suka ji farko su ne suka ga ƙarshe. Ya danna makunni. Kitson ya tarwatse, gorar ta wuntsila cikin sitati ta bar bango. Ya mayar da makunnin, gashin ya sake haɗuwa, ta kama sabuwar hanya.

Auta ma'aikaci ne, ba sai an yi masa fassara ba. Ya ga injin, ya ga hannun da ya juya shi. Amma fa nono ɗaya suka sha. Ya durƙusa ya leƙa bahon da kyau, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Yaya, wannan ai ba fanka ba ce."

"Ba fanka ba ce?" Muryar Gaba-Dai ta kai har bakin titi. "Inji ne ko ba inji ba? Da sanda ko babu? Tana juyawa tana tura abin da ke kusa da ita ko ba ta yi? Ni da na tsufa a cikin fanka, ni za ka koya wa fanka? Kai da ka gasa mutane a ɗakin taro!"

Jama'a suka fashe da dariya, har da Auta, amma bai sauka ba. "Kai ka koya mini, Yaya. Ka ce fanka sai ta kaɗa takarda."

Nan fa aka zo wurin. Gaba-Dai ya tsamo Tsefaffiya daga baho, sitati na zuba a hannun rigarsa. Ya yagi 'yar takarda daga jikin wani kwali, ya danna makunnin baya, ya riƙe takardar kusa da wutsiyoyin. Siraran wayoyin suka yi ta juyawa a banza, suna watsa masa sitati a tabarau. Takarda ko gezau. Ya matsar da ita kusa, ya sake matsarwa. Dariyar mutane ta mutu. Ga dattijo tsaye a tsakiyar layi, riƙe da gorar roba da guntuwar takarda, ya kawo duk abin da yake da shi, kuma bai isa ba.

Auta ya dubi hannun yayansa, wanda ya riƙe nasa ranar da ya fara naɗa koyil. Sai ya sunkuyo a hankali, kamar mai duba aiki, ya kumbura kumatu ya hura. Takardar ta kaɗa ta kwanta a kan yatsun yayansa.

"Ta yi iska, Yaya," in ji shi. "Baya kuma ta yi."

"Na gani. Ina da ido." Gaba-Dai ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa, wai sitati ne.

Tela ya ce shi shaida ne, fanka ce, a gaban kowa zai faɗa. Aka sauke baho, aka loda kwalayen Auta a baro. Aka tura wa surukin nan saƙo cewa a ba wani wurin. Tsefaffiya da 'yan uwanta kuwa suka tafi makaranta, inda aka ce har ɗaliban wasu azuzuwa ke leƙowa ta taga. Malama har gobe tana rantsuwa cewa ita darasi kawai ta kawo. Uwarta ba ta rantse ba, ta dai ce a biya ta sitatinta.

Da suka isa shago, Auta ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da filayarsa, ya kasa ɗaga ƙafa. Gaba-Dai ya wuce ciki ya zauna, ya jawo koyil ɗin da ya bari tun ranar da Malama ta zo, ya soma naɗi ba tare da ya waiwaya ba.

"Ka tsaya kana tare mini haske," in ji shi. "Shigo ka ɗauke gwangwanin nan, ya daɗe yana riƙe maka wuri."